Yaro, "may" ka gani ko "will"?

Na koyar da Turanci a Batsari, yanzu kuma ina koyarwa a Safana, kuma duk ajin da na shiga sai na tarar da kuskure guda yana jirana: yaro ya ga "may", ya fassara shi da "zai". Da ina ɗauka asarar maki ce kawai. Sai wani ɗalibina ya ba ni labarin saƙon da ya shigo wayar mahaifinsa, an rubuta "they may block the road", shi kuwa ya ce, "Baba, wai za su tare hanya." Dattijo ya fasa zuwa kasuwa, ya gaya wa maƙwabta, kafin azahar gari ya ɗauka an riga an tare. Mu da ke gefen dajin Rugu mun san abin da irin wannan magana ke haifarwa. Fasa tafiyar taka-tsantsan ne, ban ga laifinsa ba. Abin da ya dame ni shi ne zato ya fito daga baki na farko, ya isa na biyar ya zama gani da ido.

A aji da hadari nake farawa. Ya haɗo daga gabas, iska ta taso, amma kowa ya sha ganin hadarin da ya watse ba ɗigo. Nan ne wurin "it may rain", ko "might", ko "could": wataƙila, mai yiwuwa. In ka ce "it will rain", ka ɗauki nauyin maganar, ka ce za a yi. Hausa ma ta raba su tun tuni. "Zai zo" daban, "ai ya zo" da muke faɗa da saukar murya, muna nufin mai yiwuwa ya zo, shi ma daban.

Wanda ya fi wahalar da yaranmu shi ne "must", don tun firamare "dole" kawai aka koya musu. Fuska biyu gare shi. "You must go" umarni ne. Amma ka fito da asuba ka ga tsakar gida a jiƙe, indararo na ɗiga, ka ce "it must have rained": ba wanda ka tilasta wa, ba ka kuma ga saukar ruwan ba, alama ce ta kai ka ga "lalle an yi ruwa". Ruwa ba ya tsami banza, shi ne dai ma'anar. Haka "Malam must be at home" ba cewa take dole ya zauna gida ba, cewa take ga takalminsa a ƙofar zaure, lalle yana ciki. Kishiyarta kuwa "can't be" ce, ba "mustn't be" ba. A lura kuma, "he may not come" wataƙila ba zai zo ba, "he cannot come" ba halin zuwa sam.

Masu zana WAEC da NECO su sani, a tambayoyin zaɓi da ake ba da jimla a ce a fitar da ma'anarta, sau da yawa irin waɗannan ƙananan kalmomin ne ke raba amsar gaskiya da ta tarko.

Malamai 'yan'uwana, mu fitar da darasin nan daga allo. Kwalin magani yana cewa "may cause drowsiness", wato yana iya sa barci, ba kowa zai sa ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma harshen hasashe cike yake da "may" da "likely". Yaron da muka koyar shi ne zai karanta wa mahaifinsa, mahaifin kuma da abin da ya ji zai yanke shawarar ranar da zai fitar da irin gero ya shuka. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini fassara yanzu, kafin in duba komai sai na ce ya ɗora yatsa a kan kalmar, ya gaya mini "may" ya gani ko "will".