Darasi: Yadda Talakawan Amurka Suka Sa Aka Sabunta Dokar Ƙuri'a

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata daga Amurka ya fito. Za mu ga yadda baƙar fata na ƙasar, waɗanda da yawansu manoma ne, suka sami dokar da ta tsare musu ikon jefa ƙuri'a, da yadda suka riƙa komawa wurin 'yan majalisa domin a sabunta ta. Sakatare ya karanta a taron ƙungiya, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Yadda aka hana su

Tun 1870 tsarin mulkin Amurka ya ce kada a hana kowa zaɓe saboda launin fatarsa. Amma jihohin kudu suka fito da dabaru. Wasu suka sa harajin ƙuri'a. Wasu suka sa jarrabawa: akawu zai ba mutum wani sashe na tsarin mulkin jiha ya karanta ya bayyana ma'anarsa, akawun ne kuma zai ce ya ci ko ya faɗi. Baƙar fata da yawa gonar wani suke nomawa a raba amfani, saboda haka mai gona yana da iko a kansu. A 1962 wata mai noman auduga a jihar Misisipi, Fannie Lou Hamer, ta je rubuta sunanta. Da ta komo, mai gona ya kore ta, bayan shekara 18 tana yi masa aiki. A 1964 baƙar fata da aka rubuta sunansu a Misisipi ba su kai 7 cikin 100 ba.

Mutanen ba su naɗe hannu ba. A 1957, a tsibirin Johns na jihar Karolina ta Kudu, Esau Jenkins da malama Septima Clark suka buɗe ajin yaƙi da jahilci a ɗakin baya na kantin ƙungiyar gama kai, domin manya su koyi karatu su ci jarrabawar nan.

Samun dokar

Ran 7 ga Maris 1965 mutum wajen 600 suka tashi daga wata majami'a a garin Selma na jihar Alabama, za su Montgomery da ƙafa neman haƙƙinsu. A kan gada 'yan sanda suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa, har suka fasa wa John Lewis kai. Ƙasa duka ta gani a talabijin. Ran 6 ga Agusta 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar Haƙƙin Ƙuri'a.

Dokar ta tsai da jarrabawa a jihohin da aka san su da zalunci. Ta kuma ce jihohin nan ba za su sake ko da ƙaramar ƙa'idar zaɓe ba sai gwamnatin tarayya ta duba ta yarda. Zuwa 1967 baƙar fata da aka rubuta a Misisipi sun kusa 60 cikin 100.

Amma wannan sashe na neman izini, shekara 5 kawai aka ba shi. Kamar jinkar rumbu yake: in ba a sabunta kafin damina ba, hatsi ya jiƙe. An sabunta shi sau huɗu: a 1970 na shekara 5, a 1975 na shekara 7, a 1982 na shekara 25, a 2006 kuma na shekara 25.

Hanyoyin da suka bi

Na ɗaya, sun fara da wuri. Wa'adin zai ƙare a Agusta 1982, amma tun farkon 1981 suka soma aiki. Haka kuma wa'adin 2007, tun 2006 aka gama da shi.

Na biyu, sun haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ikilisiyoyi, da ƙungiyoyin ƙwadago, da na mata, da na masu jin Sifaniyanci, suka shiga inuwa ɗaya suka tsai da magana ɗaya.

Na uku, sun kawo shaida. A 1981 kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidu fiye da 100, har ya je Alabama da Teksas ya ji daga bakin mutanen wurin. Shaidun suka faɗi gari, da rana, da abin da aka yi: an mai da wurin zaɓe nesa da unguwarsu, ko an sake iyakar mazaɓa don a karya ƙarfinsu. A 2006 shaidar da aka tara ta wuce shafi 15,000.

Na huɗu, sun nemi wakilinsu kai tsaye. Suka rubuta wasiƙu, suka aika jakadu ofishinsa, domin ɗan majalisa ya fi jin maganar mutanen mazaɓarsa. A 1982 Rabaran Joseph Lowery ya ja wani tattaki daga Alabama har Washinton. Da farko gwamnatin Shugaba Ronald Reagan ta yi ta jan ƙafa, amma Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 389 a kan 24, ta Dattawa kuwa 85 a kan 8, shi kuma ya sa hannu ran 29 ga Yuni 1982. A 2006 Dattawa 98 suka yarda, ba ko ɗaya da ya ƙi.

Inda bango ya tsage

Akwai abin da aka bari a baya. Ma'aunin da ake zaɓen jihohin da za su nemi izini ya dogara ne ga lissafin zaɓen 1964, da 1968, da 1972, a 2006 kuwa ba a gyara shi ba. Ran 25 ga Yuni 2013 Kotun Ƙoli, alƙalai 5 a kan 4, ta soke ma'aunin, ta ce ya tsufa. Da haka neman izini ya tsaya. A ranar ce jihar Teksas ta ce za ta fara aiki da dokarta ta katin shaida, wadda aka hana a da. A 2021 Majalisar Wakilai ta amince da sabon ma'auni da sunan John Lewis, amma a Janairu 2022 ya maƙale a Majalisar Dattawa.

Abin lura shi ne, haƙƙin da aka rubuta a takarda yana bukatar masu tsaronsa, waɗanda suka san ranar da wa'adi zai cika, suna kuma duba inda ya lalace su gyara.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa manomin da ba shi da gonar kansa ya fi jin tsoron rubuta sunansa?
2. Cikin hanyoyi huɗun nan, wacce ta fi ƙarfi a ganinku? Don me?
3. Me ya bambanta kuka da shaida a gaban ɗan majalisa?
4. Wane kuskure aka yi a 2006, yaya kuma za a iya kauce masa?
5. Mutum nawa ne a ƙungiyarku suka san sunan wakilinsu da inda za a aika masa wasiƙa?