An Yi Wa Inji Ringi, Amma Salansa Na Hayaƙi

Ƙorafin da na fi ji a gareji daga waɗanda aka buɗe wa inji shi ne: "Oga, na kashe kuɗi an yi mini ringi, ga shi har yanzu tana shan mai, tana hayaƙi." Kafin mutum ya rufe baki ya riga ya yanke hukunci: ko ringin jabu ne, ko bakaniken bai iya aiki ba. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma abin da ke ci mini rai, sau da yawa a banza ake sake sauke injin, alhali ciwon yana sama, inda ba a ko leƙa ba.

A fara tabbatar da cewa mai ne ke ƙonewa. Hayaƙin baƙin mai shuɗi-shuɗi ne, da ƙauri mai kama maƙogwaro. In baƙi ne wuluk, fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ga ruwan lagireto na raguwa, wannan zancen gasket ne ko tsagewar tof. Tururin asubar hunturu kuwa, wanda ke ɓacewa da zarar inji ya ɗumama, ba ciwo ba ne.

Bayan launi sai lokaci, kuma nan nake so mai mota ya sa ido sosai, don shi ke tare da motar, ni sai an kawo mini ita. In da safe ka tayar ta buso hayaƙi, bayan ɗan lokaci ya washe, to mai ne ya kwana yana ɗiga ta jikin bawul zuwa cikin silinda. Silin bawul ke nan, wata 'yar roba da ba ta kai kan ɗan yatsa ba. Haka in ka daɗe tsaye a cunkoso, ko ka gangaro tudu ƙafarka ba ta kan totur, kana takawa sai hayaƙi ya turnuƙe bayanka: lokacin da totur ke rufe, inji na zuƙa da ƙarfi, sai ya jawo mai ta hanyar bawul. Da yawa daga cikinmu mukan sa sabon ringi mu mayar da tof yadda muka cire shi, ba a canza sil ba, ba a duba ko bawul na rawa a mazauninsa ba. Wannan ganganci ne. Hayaƙin ringi daban yake, yana ƙaruwa ne in mota ta ɗauki kaya ko tana hawan tudu, kuma in ka buɗe murfin zuba mai za ka ji iska na bugowa da ƙarfi.

Sabon ringi ma sai ya zauna. Shi ya sa ake goge cikin silinda a bar masa 'yan zane-zane masu gicciye juna, don ringi ya ci, ya dace da bango. Wannan kan ɗauki kilomita 800 zuwa 1,500, kuma ɗan shan mai a tsakanin nan ba abin tayar da hankali ba ne. Ɗabi'ar barin sabon inji yana ta sulo awa da awanni wai don ya saba, ita ce ke sa bangon ya yi santsi kamar gilashi, ringi ya kasa zama har abada. A hau titi, ana ƙara gudu ana ragewa, ba tare da an matsa masa ba. Kar kuma a manta da man da tsohon injin ya tara a salansa, shi ma sai ya ƙone ya ƙare.

In an wuce wannan zango hayaƙi bai daina ba, sai a tambayi yadda aka yi aikin. An auna silinda kafin a sa ringi? Ramin da ya ci ya daina zama da'ira, sabon ringi ba zai rufe shi ba, sai an kai an faɗaɗa shi an sa fistan mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50. Ringi na biyu yana da sama da ƙasa, in aka kifa shi, maimakon ya kankaro mai ƙasa sai ya riƙa tura shi sama. Akwai kuma injin da ciwon a jikin fistan yake, irin 2AZ-FE na Camry 2007 zuwa 2009. Toyota da kanta ta fitar wa garejinta sanarwa a 2011 kan shan mansa, gyaran kuma canjin fistan ne tare da ringi.

Duk wannan ana iya gano mafi yawansa ba a kwance inji ba. Fulogi zai nuna silindar da ke jiƙe da mai. Ma'aunin matsin silinda zai nuna wadda ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100. A zuba mata cokalin mai a sake aunawa, in matsin ya tashi ringi ne, in bai motsa ba a nemi bawul ko gasket. Sai dai ringin mai, na ukun nan, yana iya lalacewa matsi ya fito lafiya lau, don haka awo ɗaya ba ya isa. Kafin ma a kai nan, a duba bawul ɗin PCV da ke shaƙar da inji, da turbo in motar na da shi, da geji, don man da aka zuba ya wuce layi shi ma yana hayaƙi.

Kar ku yarda a rufe muku baki da mai mai kauri ko maganin gwangwani. Hayaƙin zai ragu, ciwon na nan, ga shi mai kaurin yana jinkirin isa sama da safe. Ku cika mai daidai layi a wuri mai baje, ku rubuta lambar kilomita, ku sake dubawa bayan 1,000 a wuri guda da inji a sanyaye. Da wannan lissafin da lokacin da hayaƙin ke fitowa za ku zo wa bakanikenku.