Amsoshin Tambayoyinku: Ina Matsayin Drake a Cikin Mawaƙan Gambara?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko da tambaya: tunda Drake ya yi kasuwa haka, me ya sa ake gardama kan sa shi a sahun farko na mawaƙan gambara?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Maganar kasuwa kam babu musu. Drake, ɗan birnin Toronto na Kanada, shi ke da "One Dance" ta 2016, wadda Wizkid ya sa murya a ciki, waƙar farko da aka saurara sau biliyan ɗaya a Spotify. Sai dai irin waɗannan waƙoƙin rawa sun rufe gwanintarsa ta baiti. Nemi "5AM in Toronto" ta 2013 ka ji: babu amshin da za a bi, baiti ne kan baiti, habaici da gugar zana har ƙarshe. Wanda bai iya ba, ba zai yi wannan ba.

Su kuwa masana gambara alƙalami suke dubawa. A 2015 mawaƙi Meek Mill ya zargi Drake da cewa wani mai suna Quentin Miller ke rubuta masa wasu baitoci. Drake ya mayar da martani da "Back to Back", ya kuma yi galaba, amma tabon bai goge ba. Ga Kendrick Lamar, wanda kundinsa DAMN. ya ci kyautar Pulitzer a 2018, ya kuma kayar da Drake a sa-in-sar da suka yi a 2024.

A ganinmu, Drake yana cikin manya, kuma ana tauye masa haƙƙi idan aka kira shi mawaƙin rawa kawai. Amma a fagen rubutu, Kendrick yana gabansa.