Manhajar da ke bin diddigin lafiyar karnuka da kuliyoyi

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: wai da gaske akwai manhajar da ke tattara bayanan lafiyar dabbobin gida domin bincike?

Ƙwarai kuwa, Malam. A Ingila akwai VetCompass, ta kwalejin likitocin dabbobi da ke Landan, da kuma SAVSNET ta Jami'ar Liverpool. Duk sanda aka kai kare ko kyanwa asibiti, likita yakan shigar da shekarunsa da ciwonsa da maganin da ya ba shi a kwamfuta. Idan asibitin na cikin shirin, manhajar sai ta kwaso wannan bayani, ta goge sunan mai dabbar, ta zuba a babban rumbu.

Inda gizo ke saƙar shi ne rubutun likitoci. Kowa da salonsa, wani ma a gajarce yake rubutawa, dole a koya wa manhajar ta gane cewa ciwo ɗaya ake nufi.

Amma fa tana da rana. A farkon 2020 SAVSNET ta bi sawun ɓarkewar amai a karnukan Birtaniya. A 2022 kuma bayanan VetCompass suka nuna kare a can kan rayu shekara 11 da ɗoriya, nau'in kare na Jack Russell kuwa har kusan 13.