Amsoshin Tambayoyinku: Ribar Na'ura Mai Kwaikwayon Ƙwaƙwalwa

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: ƙaramin kamfanin da ke ƙirƙirar na'urar kwamfuta mai kwaikwayon ƙwaƙwalwar ɗan Adam, ta ina yake samun kuɗi?

To Malam, mun gode. Gina masana'antar ƙera irin waɗannan ƙananan na'urori na cin biliyoyin daloli, don haka ƙananan kamfanoni ba sa ko kusantarta. Wasunsu zanen na'urar suke sayarwa. Ga BrainChip na Ostareliya, mai fasahar Akida: a 2020 ya ba Renesas na Japan lasisin amfani da zanensa, a 2021 kuma ya ba MegaChips. Mai karɓar lasisi yakan biya kuɗi tun farko, sannan ya riƙa ba da ɗan kaso kan kowace na'urar da ya sayar. Hanyar da Arm na Ingila ya bi ke nan har ya mamaye wayoyin hannu.

Abin da ke jan masu saye shi ne ƙarancin cin wuta, domin sassan na'urar ba sa aiki sai saƙo ya iso musu. Sai dai kason nan yakan ɗauki shekaru kafin ya fara shigowa, ga albashin injiniyoyi ba ya jira. A ganina, wanda ba shi da jarin haƙuri kada ya bi wannan hanya.