DARASIN LAFIYA: YADDA ƘWAYAR ZAZZAƁIN CIZON SAURO TA KE SHIGA CIKIN JINI

'Yan'uwa manoma, kowace damina mu kan ga abu ɗaya. Lokacin da gona ta ke bukatar noma na biyu, lokacin ne zazzaɓi ya kan kwantar da mai gida, ko ya kama yaro har uwa ta bar aiki ta zauna jinya. Wasu gidajenmu sun yi jana'izar ƙananan yara saboda wannan ciwo. Domin haka a darasin wannan wata za mu duba abin da ke kawo shi, da dabarar da ya ke yi a jikinmu.

Mece ce wannan ƙwaya?

Dukanmu mun san ƙuduji, watau wuta-wuta. Ba ya iya rayuwa shi kaɗai, sai ya manne wa saiwar dawa yana shan abincinta. Haka ƙwayar zazzaɓi ta ke. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, kamar yadda a ke gina ɗaki da tubali. Ita kuwa wannan cuta tubali guda ce tak, amma tana da rai, tana motsi, tana ci, tana hayayyafa. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Wani likitan sojan Faransa, Laveran, shi ya fara ganinta cikin jinin mara lafiya a Aljeriya a 1880. A 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya.

Zangon farko: hanta

Macen sauro ce ta ke cizo, domin tana bukatar jini saboda ƙwanta. Sa'ad da ta soka bakinta, sai ta zuba miyau tare da ƙwayoyin cutar, sirara kamar zare. Su kan silala cikin fata har su sami jijiyar jini, jini ya kai su hanta. Kowace ta shige cikin ƙwayar hanta guda, ta yi wajen mako ɗaya tana rarrabuwa, har ta zama dubbai. A wannan lokaci mutum ba ya jin kome, yana aikinsa lafiya lau.

Zango na biyu: jajayen ƙwayoyin jini

Daga hanta sai su fito cikin jini. Ɗigon jini kamar kan allura yana da jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 5, su ne ke kai iska ko'ina a jiki. Ga yadda cutar ta ke shiga cikinsu:

1. Ta kan taɓa ƙwayar jini ta manne mata.
2. Sai ta juya, ta sa tsinin kanta ya fuskanci tantanin ƙwayar. A wannan tsini akwai 'yan jakunkuna cike da sinadari.
3. Ta zubo abin da ke cikin jakunkunan, ta kafa wani zobe a jikin tantanin. Watau ita ke kawo ƙofarta.
4. Tana da ƙarfin ja a ƙarƙashin fatarta, da shi ta ke jan kanta ta cikin zoben nan.
5. Tantanin ya lulluɓe ta, ya rufe a bayanta.

Duk wannan ba ya cika minti ɗaya. Da ta shiga, sojojin jiki da ke yawo cikin jini ba sa samunta da sauƙi, kamar ƙwaron da ya shige cikin ƙwayar wake. Tana nan tana cin jan abin da ke cikin ƙwayar. Bayan awa 48 ta zama 16 zuwa 32, ƙwayar ta fashe, su fito su faɗa wa waɗansu. Fashewar nan ce ke kawo rawar sanyi da zafin jiki, yawan mutuwar jajayen ƙwayoyi kuwa shi ke sa yaro ya ɗashe, jininsa ya ragu.

Irin da ya fi yawa a ƙasarmu, mai suna falsifarum, yana da wata mugunta kuma. Ya kan sa ƙwayar jini ta yi ƙuraje masu danƙo, ta manne a ƙananan jijiyoyi don kada ta kai saifa, inda a ke tace jini. In jijiyoyin ƙwaƙwalwa suka toshe, sai yaro ya yi ta sanƙarewa ko ya suma. Wannan ba aikin iska ba ne, ba sammu ba ne. A ruga da shi asibiti.

Masu kiwon kaji su lura. Cutar da ke sa 'yan tsaki kashin jini 'yar'uwar wannan ce. Da irin dabarar nan ta ke shiga ƙwayoyin hanji, amma ita ta kashin kaji ta ke yaɗuwa, musamman inda akurki ya ke da danshi.

Me za mu yi?

A kwana cikin gidan sauro mai magani, a fara da yara da mata masu ciki. A cike kududdufai kusa da gida, a kife fasassun tukwane. In jiki ya yi zafi, a je a gwada jini ranar nan. Kulorokwin ya daina aiki a kan wannan iri. Maganin da a ke bayarwa yanzu na kwana 3 ne, a shanye shi duka ko da an ji sauƙi, domin 'yan kaɗan da suka rage za su sāke yawaita. A karɓi maganin rigakafin da a ke raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar rigakafi a 2021, da wata a 2023. Suna tare cutar ne kafin ta kai hanta, amma ba su ɗauke mana gidan sauro ba.

Allah ne ya ba mu 'ya'ya amana, ya kuma ba mu hankali. Mu yi addu'a domin marasa lafiya, mu kuma kai su magani.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Gidaje nawa ne a cikinmu ba su da gidan sauro?
2. Za mu iya ware wani abu daga asusun ƙungiya domin kai mara lafiya asibiti da dare?
3. Wa zai taya ɗan'uwa noma in zazzaɓi ya kwantar da shi?