Albasa ba ta bincikuwa da mutum ɗaya

Ɗiyata, na ji kin fara bincike a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, kuma albasa kika zaɓa. Allah Ya sa albarka. Tun 2006 da aka kafa jami'ar nake fatan yaranmu su waiwayi abin da ke bakin ƙofarsu.

Kin riga kin ga 'yar fatar nan ta cikin albasa a madubin ƙara girma, ɗaki-ɗaki a jere, kowane da ɗigonsa. Kundin gadon da ke cikin ɗigon nan ya ninka na ɗan Adam wajen sau biyar. Wannan ƙirarta ce. Yadda take rayuwa kuwa, sai kin sauka fadama.

Ɗauki ciwon da ke yi wa ganye tabo ja-ja har ya kwanta. Ƙwayar cutar tana son ganyen da ya daɗe da jiƙa, kuma 'yan mitsitsin ƙwarin da ke ɓuya a wuyan albasa, masu yawaita in zafi ya kama, sukan huda mata ƙofa. Idan manomi ya cika takin yuriya, wuya ya yi kauri, ya ƙi bushewa; idan ya ci gaba da ban ruwa gab da cira, ruɓa ta bi albasar har cikin rudu. Ina mutum ɗaya zai riƙe duk wannan? Sai da mai sanin ƙasa, da mai sanin ƙwari, da mai lissafin da zai zauna da alƙaluman raɓa da zafi. Ko siffar DNA da Watson da Crick suka bayyana a 1953, ba ta fito ba sai da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin.

Abin da ya fi damuna shi ne manomi. Dattijon Maiyama da zai matsa wuyan albasa da yatsa biyu ya ce miki wannan ba za ta kai damina ba, abokin aiki ne. Haka dillalin kasuwar Jega, wanda ya san albasar wace fadama ke saurin lalacewa a buhu. Ki durƙusa ki gaishe su, ki nemi izini kafin ki tsinki ganye, ki rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi.

Alƙalumanki kuma kada ki ɓoye wa abokan karatu don tsoron a riga ki. In kin gama, ki koma wurin manoman kafin dashen baɗi, ki faɗa musu da Hausa abin da kuka gano.